Kawu Mamman da Fuskar Nomau Maƙeri

Duk wanda ya san Kawu Mamman Mai Fenti ya san ba ya amsa sallama da wuri. Kai ka yi sallama, shi kuma ya tsaya yana kallon hancinka. Ya karkata kai dama, ya karkata hagu, ya kanne ido ɗaya, sannan ya zaro guntun fensir daga bayan kunne ya ce, "Tsaya nan! Kada ka motsa!" Sai ya gama zana ka a bayan kwalin ashana ko takardar da aka ƙunso ƙosai, sannan ya tuna. "Af! Wa alaikumus salam. An tashi lahiya?" Ko da kuwa ana kiran la'asar.

Fensirin ma abin kallo ne. Kawu bai taɓa yar da fensir ba. In ya fiƙe ya fiƙe har yatsa ya kasa riƙewa, sai ya cusa shi cikin sillen kara ya ci gaba da aiki. Da na shiga jami'a na sayo masa kwali guda na sababbi, ina ta murna. Ya juya su, ya shinshina, ya sa mini albarka, ya jefa su cikin adaka.

Na ce, "Kawu, ko ɗaya ba ka gwada ba?"

Ya ce, "Kulu, waɗanga ba su san kowa ba tukuna. Bari su huta."

Suna nan suna hutawa har yau.

Yayan Innata ne. Sana'ar da aka san shi da ita a Gusau ita ce rubuta allunan shaguna da zana zaki da dawisu a bayan manyan motoci. Amma inda ransa yake shi ne wasu 'yan littattafai na labari cikin zane. Da hannu yake zana su, a buga masa kwafi, ya ɗinke da zare da kansa. Jaruminsu Nomau Maƙeri ne, mutumin Bungudu, baƙi wuluk, da tsagar Zamfarawa daga gefen kunne har kusa da baki. Yana damƙar jan ƙarfe da hannu kamar mai ɗaukar dankali daga toka. Ba ya tashi sama, ba ya ɓacewa. Keke gare shi. Aikinsa kama masu tauye mudu da masu cin iyakar gona, kuma a littafi guda da wuya ya yi magana sau uku.

Kawu yana da ƙa'ida ɗaya: ba ya ƙirƙirar fuska. Cewa yake, "Allah ya riga ya yi su da yawa, ni mi zan ƙara?" Saboda haka duk wanda ke cikin littafin yana nan yana yawo a gari. Kun tuna ranar da Garba Mahauci ya iso rumfar Kawu da littafi a hannu yana huci?

"Mamman! Wanga ɓarawon mudu, ba ni ne ba?"

"Kai ne."

"Don mi? Na taɓa tauye ma wani abu?"

"Ko kusa. Kunnuwanka nika so. Kaf Gusau babu irinsu."

Garba ya rantse sai ya kai ƙara wurin mai unguwa. Don a zauna lafiya, a littafi na gaba Kawu ya sa ɓarawon ya faɗa gulbi, ruwa ya tafi da shi. Washegari sai ga Garba, fushinsa ya fi na farko.

"Wa ya ce ka kashe ni? Ɗiyana na can suna jiran ci gaba!"

Dole Kawu ya sa masunta suka tsamo shi.

Fuskar Nomau kuwa ta mahaifina ce, Lawali Maƙeri. Amininsa ne tun suna yara, kuma Kawu ne ya haɗa shi da Inna. Ya rasu ina da wata takwas a duniya. Sau ɗaya tak ya taɓa zama gaban mai hoto, don katin shaida, shi ma ruwa ya cinye shi shekarar da ɗakin Inna ya yi yoyo. Tun ina ƙarama, in na tambayi Inna yaya Baba yake, sai ta ce, "Tahi ki buɗe littahin kawunki." Ban san wata fuskar uba ba sai wannan, ta baƙin tawada, mai kallon gefe kamar yana jin kunyar mai karatu.

Kuma ni ce da kaina na jawo 'yan fim. Na ɗauki wasu shafuka a waya na ɗora, mutane suka yi ta yaɗawa, har wani darakta ya taso daga Kano da katuwar mota. Mutum ne mai ladabi, har ƙasa ya durƙusa ya gaida Kawu. Ya zo da jaruminsa, wani saurayi fari sol, dogon hanci, gashi a kwance, cikin farar shadda mai ƙamshin turare.

Darakta ya ce, "Baba, labarinka zai yi kasuwa. Sai dai za mu ɗan yi gyara. Sunan Nomau ya yi ƙauye, za mu ce Nabil. Mahaifiyarsa Balarabiya ce, mahaifinsa attajiri ne a Abuja. Ya yi karatun injiniya a waje, wata na'ura ta fashe da shi a ɗakin gwaji, shi ya sa wuta ba ta ƙona shi."

"Maƙerar hwa?"

"Babu ita, Baba."

"Keken?"

"Mota za mu ba shi."

"Tsagar?"

"Ai masu kallo yanzu fari suke so, fuska sumul. Ga shi nan ma na zo maka da shi."

Kawu ya daɗe yana kallon saurayin nan. Ranar na fara ganin ya kalli fuska bai kai hannu bayan kunne ba.

"Kana da kyau, Allah shi tsare," in ji shi. Ya juya ga darakta. "To cikin labarin ga da kunka gyara, mi ya rage nawa?"

Darakta ya yi ɗan tunani. "Wutar."

"Wuta ai ta Allah ce."

Daga nan Kawu ya ce su tashi a je Bungudu su ga maƙerar mahaifina da idonsu. Ƙannen Baba ne ke riƙe da ita yanzu. Muna isa Kawu ya zaunar da jarumi a bakin zuga-zugi ya ce ya hura wuta. Bawan Allah bai yi gardama ba. Kafin ƙarfe ya yi ja, farar shadda ta koma wani abu daban, gumi da ƙurar gawayi sun dame a fuskarsa, idanunsa sun kaɗa. Kawu ya zagaya shi sau biyu, hannu a baya, yana gyaɗa kai.

"Yawwa! Ya hwara kama. Ku bar min shi nan shekara ashirin, ku dawo ku ɗauka."

Kowa ya yi dariya, har jarumin. Ni ce kawai ban yi ba. Na riga na gama gina fim ɗin a raina, na ga sunan Kawu da manyan baƙaƙe, na ga Nomau ya shiga gidajen da littafi bai taɓa shiga ba. Da muka koma gida na same shi a tsakar gida yana fiƙe fensir da reza.

"Kawu, ka bar su mana. Fim daban, littafi daban. Littafin yana nan, ba mai goge shi."

Bai ɗago ba. "Kulu, yara nawa kika gani da littahi bana? Waya ce a hannunsu. Nan da shekara biyar in anka ce Nomau, wancan saurayin za su gani. Ɗiyanki su tambaye ki kakansu, ki buɗe musu littahi, su ce a'a, ba shi ba ne, mu mun gan shi a fim, hwari ne."

Inna tana can bakin murhu, ta ce, "Ƙyale ta, Yaya. Ita da ke son ubanta shi zama Balarabe."

Na shige ɗaki, kuma ban sake tayar da maganar ba.

Bayan mako guda darakta ya dawo da abin da ya kira sasantawa. Za a shafa wa jarumi baƙar hoda, a zana masa tsaga da kwalli, amma dai uwar ta zauna a Balarabiya. Kawu ya bari ya kai aya, sannan ya tambaye shi, "Mahaihinka na da rai?"

"Ya rasu, Baba, shekara huɗu ke nan."

"Allah shi gafarta mai. Kana da hotonai?"

Ya nuna masa a waya. Wani dattijo ne gajere, baƙi, mai faffaɗan hanci, da hula zanna. Kawu ya jawo takarda ya duƙufa. Da ya gama ya miƙa masa. Hular tana nan, babbar rigar tana nan, amma hanci ya miƙe kamar biro, fata fara tas, gashi ya zubo ta ƙarƙashin hula har kafaɗa.

"Baba, wane ne wannan?"

"Alhaji ne. Na gyara ma shi don shi yi kasuwa."

Innalillahi! Na ce yau sai an raba su. Darakta ya ƙura wa takardar ido, sai ya fashe da dariya har da hawaye. Can dariyar ta tsaya, hawayen ba su tsaya ba. Ya ce a hankali, "Baba, zana min shi yadda yake." Kawu ya juya bayan takardar, don ba zai ɓata sabuwa ba, ya zana masa dattijon nan sak, har da ɗan lanƙwasar da hular ta yi.

Darakta ya ninke ta ya sa a aljihun gaba. "Na ji. Amma ina zan samo mai fuskar Nomau? Cikin 'yan wasana babu."

"Wanga aikina ne."

Aka ce ga ƙannen Baba a maƙera. Kawu ya ce duk uwa suka ɗebo, babu na uba. Wata biyu ya yi yana bin kasuwanni, Bungudu, Wonaka, 'Yandoto, yana leƙa fuskokin mutane. A Wonaka ya bi wani mai rake har ƙofar gida, da ƙyar dattawa suka fahimtar da mutumin cewa ba mugun nufi ba ne. Ya dawo yana tsaki: "Daga gaba shi ne, daga gefe ba shi ba ne."

A Tsafe Allah ya yi. Yana cikin mota ya hango wani mai faci a bakin titi, ya dinga dukan ƙofa har direba ya tsaya. Isiya sunan mutumin. Da ya ji abin da ake so da shi, ya ja da baya.

"Baba, ni ban iya wasa ba. Ko magana gaban mutane ban iyawa."

"Alhamdu lillahi! Shi ma hakanan shike."

Haka Nomau ya zauna a Nomau, ɗan maƙeran Bungudu, da kekensa. Farin saurayin kuma aka ba shi ɓarawon mudu. Muka ce wannan ma Kawu zai hana, sai ya ce a tambayi mai fuskar. Aka kira Garba Mahauci. Ya dubi saurayin sama da ƙasa, ya gyara tsayuwa ya ce, "Ku bar shi. Hakanan nike da ina yaro."

Kawu ya ce, "Tunda mai abu ya yarda. Amma ka ji tsoron Allah, Garba."

Kullum Kawu yana wurin ɗaukar fim, yana hana ruwa gudu, har masu kyamara suka riƙa ɓuya in sun hango shi. Ana gama ɗauka ciwo ya kwantar da shi. Da kaka ya rasu, fim bai fito ba.

Ranar da ya fito na sami Inna a kan tabarma da hantsi, tana tsince shinkafa. Inna ba ta kallon fim. Na zauna kusa da ita na riƙe wayar yadda za ta gani. Ta saci kallo ta ce, "Hular ta yi mai girma." Can kuma, "Tahiyar ba tashi ba ce." Ta ci gaba da tsinta.

Sai aka zo wani wuri. Nomau ya gama ƙera lauje. Kafin ya ajiye guduma ya ɗan buga ta sau biyu a kan uwar maƙera, ba ƙarfen komai a kai, sannan ya share goshi da bayan wuyan hannu ya ce bismillah ƙasa-ƙasa. Ina wurin aka ɗauki wannan. Kwana uku Kawu ya yi yana sa Isiya maimaita shi, har Isiya ya ce shi zai koma facinsa. Babu shi a littafi ko ɗaya. Duk mun ɗauka rigimar Kawu ce kawai.

Inna ta ajiye faifai.

"Maido shi baya."

Na mayar.

"Ƙara."

Na ƙara. A na uku ta sa bakin mayafi ta rufe baki. Kaji suka zo suna cin shinkafar, ba ta kore su ba.

"Hakanan shika yi," ta ce, "in ya hango ni tahe da abinci."

Ya Allah, ka jiƙan Kawu Mamman. Ka yafe masa, ka yalwata kabarinsa, ka sanyaya masa makwanci. Ya riƙe mini ubana tun ban san kaina ba, ya ƙi bari a musanya shi ko da ni ce na roƙa. Ka saka masa da abin da ni ba zan iya ba, ka sada shi da amininsa Lawali a gidan Aljanna, mu kuma ka kyautata namu zuwan. Amin.