Robar da ba ta san fitsarin sa ba

Jama'a, yau na ga sa ya yi zaman 'yan bori a bayan motata!

Makon jiya na shiga Kano sayen tamfol ɗin a-kori-kurata. Mai shagon, wani mai zaƙin baki, ya ce, "Haba Maigida, tamfol ai na ƙauyawa ne." Ya shimfiɗa min roba a bodi, sumul kamar faranti, ya ɗora murfi mai makulli. Na ce masa shanu fa nake ɗauka. Ya ce, "Ko raƙumi ne!"

To yau Juma'a, ranar kara, kasuwar shanu. Alhaji Tanko na Ɗankaza, wanda da dakon shanunsa nake ci da gidana, ya kira ni in kai masa sa kasuwa. Murfin ma sai da na kwance shi da sifana, mutane na kallo. Aka hau da sa. Yana hawa ya tsula fitsari. Sai santsi! Ƙafar gaba gabas, ta baya yamma, tim!

Alhaji ya dafe kai. "Malam Habu, karya min dabba za ka yi? Ku sauke min shi!"

Allah ya sa bai karye ba. Nan take Alhaji ya kira wata ruɓaɓɓiyar mota da aka baza wa yashi a bodi. Ya ce daga yau ita ce motarsa.

Na buga wa mai shago waya. Kun san me mutumin banzan nan ya ce?

"Ai Maigida, ba ka gaya min san zai yi fitsari ba."

Murfin yana tsakar gida, an shanya kuɓewa a kai.