Rabon Kogi

A wani gida a Bamako aka taɓa miƙo mini ruwan sha, ina kai shi baki sai na tsaya. Ƙamshin saiwar jema ne. Mai gidan ya ɗauka wani abu na gani a ciki, ya shiga ba ni haƙuri. Na ce masa ba komai, randar kakata na tuna.

Gonarmu ta fadama tana bakin kogi, gaba da Sakwa kaɗan. Duk shekara in ruwa ya janye bayan damina, kakana zai tsaya a bakin gaɓa, ya yi taku goma sha biyu zuwa cikin gona, ya kafa turke. Daga turken zuwa ruwa ba a sa fartanya. Rabon kogi yake kiran wurin.

In ba ka san fadama ba, za ka ce sarƙaƙiya ce kawai. Amma kowane tsiro da mazauninsa. Burugu ne a gaba, ƙafarsa cikin ruwa, shi Fulani ke kawo wa shanu da rani. Bayansa jema, wadda ta fi ni tsawo a lokacin, saiwarta ta riƙe ƙasa kamar an ɗinke ta. Sai jerin giyayya, da wani tsohon ɓaure da muke cin abinci a inuwarsa. Da damina ruwa kan shanye wurin duka, kifi su shiga gindin giyayya su yi ƙwai. In ya koma, ya bar mana baƙar laka mai sanyi. Kakata, in za ta tono saiwar jemar da take sawa a randarta, ta gefen gona take tonowa, ta mai da tsiro cikin ramin, ta danne da diddige.

Baffana, autan su mahaifina, bai taɓa yarda da wannan tsari ba.

"Baba, ƙasar nan fa ta fi ta ko'ina kyau, albasa kawai take jira," in ji shi wata rana. "Ko kogi ya taɓa kai ƙarar wani gaban alƙali ne?"

Kakana ya ce, "Ba ya kai ƙara, ɗan nan. Zuwa yake ya ɗiba da kansa, kuma ba ya awo."

Shekarar da kakana ya rasu, Baffa ya sare giyayyar, aka loda itacen zuwa Azare. Ya ƙone jema, ya kafa injin ban ruwa a bakin gaɓa. Shekara biyu albasa ta yi kyau ƙwarai, kuma ba zan ɓoye maka ba, dukkanmu mun ci, babu wanda ya ce uffan. A damina ta uku gaɓar ta fara zubewa. Kana cikin gona sai ka ji rim, kamar katanga ta faɗi. Ɓauren ma ya kwanta cikin ruwa da saiwarsa a sama.

Daga baya na yi yawo. A Gambiya, inda kogi ke haɗuwa da teku, na ga itatuwan da ke tsaye kan saiwoyinsu cikin ruwan gishiri. Inda aka sare su don bandar kifi, gishiri ya shiga gonakin shinkafa. Wata tsohuwa ta yi mini bayani da yarensu, na ji maganar kakana ce, harshe kawai ya bambanta.

Bara na koma gida. Ciyawar kachalla ta toshe ƙananan hanyoyin ruwa, burugu sai tsilli-tsilli. Baffa ya tsufa, idonsa ya yi rauni, ni na riƙe masa hannu har bakin gaɓa. Ya ce in auna masa abin da ya saura na gonar, daga ruwa zuwa iyakar maƙwabci. Na taka ina ƙirgawa a fili.

"Nawa ka ce?"

"Goma sha ɗaya, Baffa."

Ya juya fuskarsa wajen ruwa. Sannan ya ce, "Ko rabon kogin bai cika ba. A bar masa. Ka nemo mini jema a dasa."