Ƙullun Waina a Jirgin Manchester

Shekarar da gwamnati ta ce sabon jirgin ƙasa mai gudu ba zai ƙarasa Manchester ba, a Birmingham zai tsaya ya huta, a shekarar yayata ta haifi ɗanta na fari a unguwar Moss Side ta Manchester. Ni kuwa ina karatu a Birmingham, a wani ɗaki a Selly Oak mai taga tana kallon layin dogo. Na daɗe ina mafarkin jirgin nan: in shiga da shayi a hannu, kafin ya huce ina ƙofar Yaya. Sai aka ce aljihun gwamnati ya gaji, abin da ya rage kuma za a cike ramukan titi da shi. Na rubuta doguwar waƙa a kan haka, ba wanda ya karanta.

Surukar Yaya ta taso tun daga Kano don suna, kuma tun saukarta take cewa matan Ingila sun manta girki. Yaya ta rantse sai ta ajiye mata waina mai zafi ranar suna. To, a wurin mutanenmu, in ba ƙullun wata Hajiya ta unguwar Balsall Heath a nan Birmingham ba ne, ba a kiran abin waina. Ni aka ɗora wa ɗauko shi.

Da safe na sami Hajiya ta cika bokiti mai murfi. Ta tambaye ni tsawon tafiyar, na faɗa mata abin da aka rubuta a allo. Nan take ta barbaɗa yis, ta juya.

"Hajiya, ba a bari sai na isa?"

"Ke 'yar nan, jirgin Bature ne fa. Kina sauka, ƙullu ya tashi daidai, sai suya."

Daga baya na ji rabon Hajiya da shiga jirgi tun kafin a haife ni. Mijinta likita ne, a mota yake kai ta ko'ina.

A tasha allon ya ce jirgina zai makara, can kuma ya sake shawara ya ce ba zai zo ba sam. Wata murya mai laushi ta ba mu haƙuri. Ban taɓa ganin masu iya ba da haƙuri irin mutanen nan ba. Da haƙuri yana jan tarago, da tuni muna Manchester. Jirgin da ya biyo baya gajere ne, ya kwashe nasa mutanen da namu. Na tsaya a lungu, bokiti a tsakanin ƙafafuna, daidai inda hita ke hura zafi.

Mun ɗan yi nisa, jirgin ya tsaya a tsakiyar wani fili kore shar, tumaki suna kiwo, yayyafi yana sauka kamar ana tankaɗe gari. Har na fara haɗa baiti a zuciya, sai na ji murfin ya yi ƙara. Ya kumbura kamar kuncin mai fushi. Wani dattijo Bature da ke kusa ya leƙo.

"'Yata, abin nan yana da rai ne?"

Na ce abinci ne, yana tashi.

"Madalla," in ji shi. "Shi kaɗai ke motsi a layin nan."

Wayata ta yi ƙara, Yaya ce.

"Ke, kina ina? An ɗora tanda tun ɗazu!"

"An yi cancelling na farkon, Yaya. Yanzu muna kallon tumaki."

"Tumakin gidanku! Surukata sai tambaya take, wai ko a Ingila waina ma sai ta nemi biza."

A wata tasha aka sauke mu, aka ce bas ce za ta ƙarasa da mu. Ashe ramukan da aka yi alkawarin cikewa suna nan suna jiranmu. A na farko murfin ya ɗaga, a na biyu ƙullu ya gangaro kan takalmina, tsaminsa ya cika motar. Turawa suka yi ta kallon taga cikin ladabi.

Na isa Moss Side bayan azahar, baƙi sun ci shinkafa sun soma neman mayafi. Yaya ta kalli bokitin, idonta ya ciko. Surukar ta matso, ta buɗe, ta shinshina. Na runtse ido.

Dariya na ji.

"Wa ya zuba yis tun bai ga jirgi da idonsa ba?" ta ce. "Mu da muka hau na Legas muna 'yan mata, da tabarma da guzurin kwanaki muke shiga. Ashe ku ma haka kuke fama a nan, kuna ɓoye mana! Maijego, zauna. Ke kuma mai tumaki, miƙo kanwa da sukari."

Ta gyara ɗaurin zane, ta kashe tsamin, ta zauna gaban tanda da kanta. Baƙin suka ajiye mayafansu. Ta farko da ta fito, a faranti ta sa ta, ta tura gaban Yaya.

Har yanzu ina kai ƙullu in an yi haihuwa, a dai tsohon layin. Sai dai Hajiya a leda take ƙulle mini yis ɗin daban, ta ce kada in kwance sai na ga rufin gidajen Manchester.