Cinikin Yatsu a Sinimar Baba

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da Allah Ya karɓi ran mahaifina, Malam Sani Mai Sinima. Har yau in na bi ta gaban tsohon shagonsa a Zongon Kwatano, inda yanzu ake gyaran waya, sai na rage tafiya.

Baba dillalin shanu ne kafin ciwon ƙafa ya zaunar da shi. A tashar jirgin ruwa ta Kwatano ya tsinci kwali guda na kaset, tsofaffin finafinan barkwanci na Amurka, baƙi da fari, marasa magana, kusan duk a kan wasan besbol: a jefo ƙwallo, a maka mata kulki, a ruga a zagaya fili. Babu wanda ya san wasan a Zongo, har shi. Amma ina aka taɓa ganin dillali ya rasa ta cewa? Bayan la'asar sai ya kunna kaset a shagonsa, ya zauna gefen tele, wato talabijin, yana ba 'yan wasan baki. Ɗan wasan da ke durƙuso yana nuna wa mai jifa yatsu, Baba ya rantse ciniki suke ƙullawa, irin na kara, kasuwar shanu. Tun daga garin Godomey ake zuwa jin sa. Da zai ga yadda yau kowa ke dariya shi kaɗai a kan waya, na san cewa zai yi a nemo wa mutane magani.

Watan jiya Nasiru, ɗan yayana, ya zo mini da ilimin lakwal, wato na boko.

"Gwaggo, shirme fa Kaka ya yi ta faɗa. Yatsun nan alamar irin jifa ce. A zubar da kwalin nan, ya cika ɗaki."

Raina ya ɓaci, wallahi. Shirme? Na ce a ba ni mako biyu. Kaset ɗaya ne laima ba ta cinye ba. Na sa aka juye shi, ranar sadakar Baba na kafa tele a tsakar gida. In mutane suka watse tun fim bai ƙare ba, kwali ya tafi bola, sunan Baba ya bi shi.

Fim ya fara, shiru. Turawa na ta faɗuwa, ko tari babu mai yi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai mai durƙuso ya nuna yatsu. Alhaji Garba mai motocin hanyar Seme, tsoho da furfurarsa, ya miƙe zumbur.

"Ya taya uku!"

Tsakar gida ta amsa baki ɗaya: "Albarka! Saniyar marayu ce!"

Shi ke nan, ruwa ya ɓalle. Mai shayi ya ɗauki muryar mai kulki, matan bayan labule suka karɓi ta alƙalin wasa, babu wanda ya yi tuntuɓe ko a kalma guda. Na yi dariya har da hawaye, ban kuma ɓoye ba.

Nasiru bai yi ƙarya ba, Baba bai san besbol ba. Amma ya san mutanensa, kuma abin da aka shuka shi ke tsira. Bai bar mana gida ko mota ba, ya bar unguwa guda da ta haddace bakinsa. Da aka tashi, Nasiru ya durƙusa gaban Alhaji Garba da wayarsa a hannu, ya ce, "Baba Alhaji, don Allah a maimaita tun daga farko, ban ɗauka ba."

Allah Ya kai haske kabarinka, Baba. Kasuwarka tana ci.