Kusumalatha, Wadda Ba Ta Yarda da Hoto

Shekara ashirin da takwas, ƙarfe bakwai na safe ba ta taɓa samun Akka Kusumalatha, wato Yaya Kusumalatha a harshenmu, a hanya ba. Tana kan bencinta a ma'aikatarmu ta Horana, da shayi da buroshi mai siririn baki, tana fentin sojojin dalma da ba su kai ɗan yatsa ba, waɗanda Turawa ke jerawa a tebur suna wasan yaƙi. Wannan watan ta ajiye aiki, ido ya gaza.

Mace ce mai zargi. Ko hoto ka ba ta, sai ta tambayi wanda ya ɗauka da dalilinsa.

Wata shekara aka aiko mana da aikin sojojin Afirka na dalma ɗari biyu, irin waɗanda Ingila ta kawo ƙasarmu lokacin yaƙin Japan, tare da hotonsu sanye da jar dara. Akka ta ce wannan launin da hannu aka shafa wa hoton, ba za ta taɓa su ba tukuna. Mako uku shiru. Kuma dama duk ranar hutun cikar wata sai ta jefa soja ɗaya a jaka ta hau bas.

Ni dai raina bai kwanta ba. Na rantse wa Mahattaya Wijetunga, mai ma'aikatar, cewa samfurinmu take kai wa abokan gasarmu. Ya ce in bi ta, in haka ne ta bar masa benci.

Na bi sawunta har wani gidan ƙasa a bakin rafi. Tana durƙushe gaban wani tsoho mai wanki, Seeya Podisingho, wanda ya yi wa sojojin nan wanki a barikinsu yana saurayi. Ya juya sojan a tafinsa, ya yi tsaki.

"Wannan hular ta fareti ce, 'yata. A daji malafa suke sawa. Kakin ma bayan wanki uku ya koɗe. Kuma wa ya ce miki fuskarsu launi ɗaya ce? Juma daban, Okelo daban."

Kunya ta rufe ni. Na koma na faɗi abin da na gani, Mahattaya ya sa aka sake zuba kawunan sojojin da malafa.

Akka, ke ce kika haɗa launin fata kala tara don mutanen da ba ki taɓa gani ba. Ke ce kika koma da na farko da kika fenta wurin tsohon, kika ɗora masa a tafi.

Mun gode. 'Yan baya, ku koyi tambaya kafin ku tsoma buroshi.

Saura abu ɗaya. Shekaru kina zargin direban ma'aikata da kai ƙararki, har yau ba kya amsa gaisuwarsa. Ba shi ba ne, Akka. Ni ce, Nilmini, da ke zaune a gefenki. Ki yafe mini.