Ya ce a kai shi tudu

Da safen nan, ina shirya 'yata Nana za ta makaranta, aka bugo mini waya: Baba Injiniya ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

A cikin mota nake rubuta wannan, a hanyar Kebbe. Ruwa ya cinye kwalbatin da ke gabanmu, motoci sun taru a bayanmu, ba gaba ba baya.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Injiniya Sidi ne ya koya mini aikin da nake ci da shi. Tun zamanin gwamnatin Jihar Arewa ya fara, yana saurayi, yana zuwa bakin gulbi a keke yana duba sandar awon ruwa. Da kwamfuta ta zo, sa'anninsa suka ce sun tsufa, shi kuwa ya jawo kujera. Da yatsa ɗaya yake danna ta, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, amma sai ya kai inda yake so.

Ko da ya yi ritaya bai daina leƙo mu a ofis a Tambuwal ba. Aikinmu shi ne mu ba kwamfuta yawan ruwan sama, da tudu da kwarin wuri, da irin ƙasar, yashi ce ko laka. Ita kuma sai ta zana inda ruwa zai bi idan gulbi ya cika. Duk inda zai kwanta, sai ya fito shuɗi a taswira.

Da na koma aiki da goyo, shi yake karɓar Nana ya yi ta zagaye da ita har in gama. Bai taɓa kirana da sunana ba, sai "ɗiyata".

Shekarun baya muka yi taswirar ƙauyensu, can ƙasan Fakku, a bakin fadama. Ta fito shuɗi kaf. Gidaje, masallaci, har makabarta.

Aka ba su fili a kan tudu, aka kewaye sabuwar makabarta. Mutane suka ce sun ji, sun gode, amma ba za su tashi su bar iyayensu a ƙasa ba. Sabuwar makabartar kuwa har yau ba a sa kowa a cikinta ba. Duk gidan da aka yi rasuwa sai su ce ba da nasu za a fara ba.

Ganina da shi na ƙarshe a farkon damina ne, a zaurensa. Ya sa na buɗe taswirar a kwamfuta, ya ɗora yatsa a wani ɗan wuri. Nan kabarin mahaifiyarsa yake.

Ya ce, "Rage ruwan kaɗan, ɗiyata."

Na rage. Wurin yana nan shuɗi. Ya ce in mai da ƙasar yashi, ko za ta shanye. Na mayar, bai canza ba. Sai ya yi dariya ya ce, "Wagga aba ba ta da kara ko kaɗan."

Sannan ya ce, "In ta Allah ta kasance, ki hwaɗa ma Ladan a kai ni tudu. Mutanen ga ba su tashi sai sun ga nasu can. To a hwara da ni."

Na ce, "Haba Baba, ai ƙanenka ne, ka gaya masa da kanka." Ya ce, "Ladan ba ya bari in kai ƙarshen zancen, kuka shi kai."

Ɗazu da ƙyar na samu Baba Ladan a waya. Na faɗa masa kamar yadda aka faɗa mini. Ya ce, "Na ji ki, ɗiyata. Amma an gama haƙa, kusa ga Inna. Dattawa duk ga su nan zamne, mi zan ce musu? In kin iso kahin azahar ki hwaɗa da bakinki. Ni ban iyawa."

Daga nan sabis ɗin waya ya ɗauke a ƙauyensu. Ban ga laifinsa ba, wallahi. Mutum ne ya rasa yayansa, yana son ya kwantar da shi kusa da uwarsu.

Na roƙi wani mai kwalekwale, ya ce ko nawa zan ba shi ba zai shiga wannan ruwan ba. Ga amana a bakina, ga ruwa a gabana, kuma rana sai ɗagawa take yi. Ban taɓa jin ƙunci irin na yau ba.

Don Allah, duk wanda yake wancan ƙetaren ya ga wannan, ya kai wa dattawan ƙauyen su karanta. Na rantse da Allah haka ya faɗa mini.

Allah ya jiƙan Baba, ya gafarta masa, ya haskaka makwancinsa duk inda aka sa shi. Ku taya ni yi masa addu'a.

In kuma saƙon bai isa ba, ku taya ni da wata addu'ar. Duk zamana da shi ban taɓa ganin lissafinsa ya kuskure ba. Ku roƙa mana Allah ya sa wannan karon ya kuskure.