Maraƙin da Na Ɗaure a Fiffiken Jirgi

Ku tattaro hankalinku nan, 'ya'yana, ku ji abin da ba zan manta ba har in koma ga Mahaliccina.

Shekarar da tsuntsayen jan-baki suka sauka wa geronmu a Dingaya, aka kawo ƙaramin jirgin feshi, ya sauka a fako bayan gari. Na kai wa ma'aikatan fura, na tarar sun tafi salla. Rana ta take, ba inuwa sai ta fiffike. Maraƙina ya biyo ni, na nemi turke na rasa, sai na ɗaura igiyarsa a wani ɗan ƙarfe da ke riƙe da fallen bayan fiffike, wanda ke sauka yana ɗagawa kamar ƙyaure. Kare ya yi haushi, maraƙi ya fizga, na ji ƙas. Na kwance shi na yi gida, ban gaya wa kowa ba.

Washegari gari ya fito kallon tashi. Matuƙin, wani dogo mai furfura, yana zagaya jirgin yana shafawa kamar mai duba saniya a kasuwa. Ya girgiza fallen dama, ya leƙa ƙusoshinsa ɗaya bayan ɗaya. Ya nufo na hagu, inda na yi ɓarnar, sai mai gari ya tare shi da gaisuwa. Suka daɗe. Da suka rabu, sai na ga ya nufi ƙofar jirgi.

Maigidana yana tsaye cikin dattawa, kuma a garinmu mace ba ta ratsa taron maza. Na dai ratsa.

"Malam, kada ka hau."

"Lafiya, Inna?"

"Jiya na ɗaure maraƙi a fiffikenka."

Aka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya ce, "Nuna min wurin."

Ya durƙusa, ya taɓa, sai ƙusar da ke riƙe da ƙarfen ta faɗo tafin hannunsa gida biyu. Ya dube ta, ya ce, "Da na tashi, da gefen nan ya saki, jirgin ya kife da ni."

Kwana uku aka yi kafin sabuwar ƙusa ta iso. A kwanakin nan tsuntsaye suka ci geron mutane, har da namu. Maigidana ya yi mako bai ci tuwona ba, daga baya ya huce. Yanzu ya rasu, Allah ya jiƙansa. Matuƙin ya gama feshinsa ya tafi lafiya, na ji an ce har jikoki ya gani. Ni kuwa tun ranar, in na yi ɓarna, bakina ke fara faɗa, ko a gaban wa, ko za a yi min dariya.